Waken da Ba a Barinsa Ya Yi 'Ya'ya

Manomin wake ba ya wasa da fure. Idan gona ta yi fure, ko yaro aka aika ya ratsa ta sai an ja masa kunne ya taka a hankali, domin duk furen da ya kakkaɓe kwanso guda ke nan ya salwanta. A wurin manomi fure alkawari ne kurum. Abin da ake jira yana gaba, ranar da za a yi roro, a casa, a auna da tiya, a ɗaure harawa a ɗora bisa rufin ɗaki saboda dabbobi. Sai ga shi wake yana da wani ɗan'uwa a ƙasashen sanyi wanda ake nomawa da akasin wannan tunani baki ɗaya. Furensa ake bi da almakashi ana yankewa, kuma ranar da mai lambu ya yi sake har kwanso ya fito ya ƙosa, ranar ce shukar ke fara ban kwana.

Masana tsirrai suna kiransa Lathyrus odoratus, a jikin fakitin iri kuma Turawan Ingila sukan rubuta sweet pea. Da Hausa babu sunan da ya fi dacewa da shi kamar waken ƙamshi. Shuka ce mai yaɗo, mai rayuwar shekara guda, wadda ke kama sanda ko raga da wasu siraran zaruruwa masu naɗewa, ta hau har kusan mita 2. Furenta ya yi kama da na wake, sai dai ya fi girma da laushi, launinsa kuma daga fari fat zuwa ruwan hoda, ja, shuɗi-shuɗi da ruwan makuba. Ƙamshin kuwa shi ne dukan zancen. Yana tsakanin zuma da furen lemo, ba ya hawa kai kamar wasu turarukan kwalba, amma ƙulli guda a cikin kofi ya isa ya cika ɗaki.

Wata ma'aikaciyar jinya, 'yar wani ƙauye a ƙasar Katsina da ke aiki a wani asibiti a arewacin Ingila, ta san wannan shuka ne ba tare da ta neme ta ba. A Ingila ƙananan hukumomi suna da filayen da suke yankawa suna ba mazauna gari haya a kan kuɗi kaɗan a shekara, nauyin da wata doka ta 1908 ta ɗora musu. Cikakken fegi yakan kai murabba'in mita 250, amma saboda yawan masu nema rabi ake ba sabon shiga a wurare da dama, jiran layi kuma yakan ɗauki shekaru. Ta rubuta sunanta ne da burin alayyafo da albasa da kabewa, abubuwan da tukunya ta sani. Layin ya zo kanta a watan Satumba, daidai lokacin da sauran masu fegi ke tumɓuke abin da ya rage suna shirin sanyi. Maƙwabcin feginta, wani dattijo da ya yi ritaya daga tuƙin bas, ya miƙo mata ambulan da wasu ƙwayoyi a ciki, masu duhu, kamar masoro amma sun fi shi girma. Ya ce ta shuka su a Oktoba. Ta tambaye shi yaushe za su yi fure. Ya ce Yuni, ko ƙarshen Mayu in shekara ta yi kyau.

Wata takwas ke nan. Wanda bai taɓa zaman ƙetare a kan takardar aiki ba zai ga wata takwas ba wani abu ba ne. Amma izinin zamanta a ɗaure yake da aikinta, kuma tun ranar da ta sauka ba ta sayi abin da ba zai shiga akwatin tafiya ba. Labulen ɗakinta na mai gida ne. Albashi na shigowa, kaso mafi tsoka na wucewa gida: kuɗin makarantar ƙanne, maganin hawan jinin mahaifiya, bulon ginin da ake ɗorawa a hankali. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ita kuwa ta riƙe wannan magana kamar sharaɗin zama. Rubuta suna a layin fegi bai karya sharaɗin ba, don ana iya tafiya a bar sunan a takarda. Alayyafo ma bai karya shi ba, tunda cikin 'yan makonni an ci an manta. Amma wanda ya binne iri a Oktoba don furen Yuni ya amsa, ko da bai furta ba, cewa yana nan har baɗi. Abin da zai samu bayan doguwar jiran kuma ba ya shiga tukunya, ba ya shiga asusun banki.

Ta shuka.

Dalilin Oktoba yana can kudu, a tsibirin Sisili da ƙarshen kudancin Italiya, inda shukar ta samo asali. A can damina da sanyi tare suke zuwa. Ruwa yana sauka daga kaka zuwa farkon shekara, sanyin ba mai kisa ba ne, rani kuwa zafi ne da fari. Waken ƙamshi na daji ya tsara rayuwarsa a kan wannan: ya tsiro da ruwan farko, ya kwashe watannin sanyi yana zura saiwa ƙasa ba tare da ya nuna komai a sama ba, ya yi fure da zarar gari ya fara ɗumi, ya zubar da 'ya'yansa ya mutu kafin zafin rani ya tarar da shi. Shekaru 300 na kiwon iri a Turai da Amurka sun sauya masa launi da girma, amma ba su goge wannan kalanda daga jikinsa ba. Duk wata dabara ta kula da shi, in aka bi ta a hankali, ƙoƙari ne na ba shi sanyin Sisili a inda ba Sisili ba.

Manomin gero ya san irin wannan lissafi. Mai yin binne yana zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, don shukarsa ta riga ta kowa kafuwa. Yana iya asarar irin, amma in ta yi kyau ya wuce wanda ya jira. Shukar Oktoba ita ce binnen waken ƙamshi. Ana iya jira a shuka tsakanin Janairu da Maris, kuma mutane da yawa haka suke yi, amma wanda ya kwana cikin sanyi ya fi ƙarfin saiwa, ya fi saurin fure, ya fi jure fari idan ya zo.

Wanda ya fitar da shi daga tsibirin wani fada ne na ɗariƙar Faransiskan mai suna Francesco Cupani, wanda ke kula da wani lambun tsirrai kusa da birnin Palermo. Ya bayyana shukar a rubuce, sannan a 1699 ya aika irinta ga wasu masu sha'awar tsirrai a arewa, cikinsu har da Robert Uvedale, wani malamin makaranta a Enfield kusa da Landan. Furen na asali ƙarami ne, biyu-biyu a kan gajeren kara, sama ruwan makuba, ƙasa shunayya. Har yau ana sayar da wani nau'i mai kama da shi da sunan Cupani, kuma kaɗan ne cikin na zamani ke kama ƙafarsa a ƙamshi.

Aikin shukar kansa ba shi da wuya, sai dai yana da wurare biyu ko uku da ba a yafe kuskure. Na farko tukunya. Saiwar waken ƙamshi doguwa ce, tana son zurfi, kuma ba ta son a dame ta. Saboda haka ba a zuba irin a faffaɗan faranti kamar na tumatir. Dogayen tukwane ake nema, ko kuma abin da dattijon ya koya mata, kwalin da ke tsakiyar naɗin tishu: a jera su tsaye a cikin roba, a cika da ƙasar reno, a tura ƙwaya ɗaya ko biyu zurfin gaɓar yatsa. Ranar dashe da kwalin ake binnewa, ya ruɓe a ƙasa, saiwa ba ta san an taɓa ta ba. Wasu sukan jiƙa irin ya kwana a ruwa, wasu sukan ɗan kankare ɓawon da farce ko wuƙa a gefen da ba ido, musamman masu baƙin ɓawo mai tauri. Masu lambu sun daɗe suna gardama a kan wannan, kuma gaskiyar magana ita ce sabon iri yakan tsiro cikin kwana 10 zuwa 14 ko an yi ko ba a yi ba. Abin da ba gardama a kansa shi ne ɓera. Yana jin ƙamshin ƙwayar tun tana ƙasa, kuma a dare guda zai iya tone jere sukutum, don haka sai an rufe da raga ko murfi har tsiro ya fito.

Wuri na biyu shi ne wanda ya fi ba ta wahala, don ya saɓa wa duk abin da aikinta ya koya mata. Da tsiron ya fito, fitar da shi waje ake yi. Ba a barinsa a tagar ɗaki mai na'urar ɗumama, domin ɗumi da ƙarancin haske suna sa shi ya yi tsawo, siriri, rauni, ya faɗi da kansa. Akwati mai murfin gilashi ake sa shi, ko wani lungu da iska da ruwan sama ba sa dukansa, murfin ma a buɗe yawancin lokaci, sai daren da aka ce sanyi zai yi tsanani a rufe. Yana jure raɓa mai daskarewa daidai gwargwado. Mutumin da ya saba lulluɓe marar lafiya da bargo, a ce masa ya ajiye jaririn tsiro a waje cikin Disamba, sai ya ga kamar mugunta ce. Amma tausayi ne ke kashe wannan shuka fiye da sanyi.

Disamba a wannan yanki hasken rana bai kai sa'a 8 ba. Mai aikin asibiti yakan shiga da duhu ya fito da duhu, mako guda bai ga rana da idonsa ba. Wanda ya tashi inda rana ke fitowa ta faɗi kusan lokaci guda duk shekara, wannan duhu yana taɓa shi a wurin da bai san yana da rauni ba, kuma ba kasafai ake faɗin haka a waya da gida ba, don kada a ce mutum ya samu wuri yana ƙorafi. A waɗannan watanni tsiron ba ya yin komai da ido zai gani. Tsawonsa bai wuce yatsa ba, ganye huɗu ko shida, haka yake a Disamba, haka yake a Janairu. Sai an ɗaga kwalin a duba ƙasansa sannan a ga fararen saiwoyi sun leƙo. Duk ranar hutunta takan je ta ɗaga ta duba. Tafiyar minti ashirin ce a ƙafa, kuma a makonni da dama ita ce kaɗai fitar da ta yi wadda ba aiki ba, ba cefane ba.

Idan tsiron ya kai kamar santimita 10, ya fitar da ganye jere biyu ko uku, sai a tsinke kansa da farce. Wannan ma yana da ciwo ga sabon shiga. Amma karan farko ba kasafai yake yin ƙarfi ba, kuma cire kan yana tilasta wa shukar ta fitar da rassa daga gindi, waɗanda su ne za su hau sanda su ɗauki fure. Na Oktoba sau da yawa sanyi kansa yakan yi musu wannan aiki.

A Afrilu aka yi dashe. An riga an haƙa rami mai zurfi an zuba ruɓaɓɓen taki, domin shukar mai ci ce, mai sha ce. Kamar sauran dangin wake tana da 'yan ƙullutai a saiwa inda wasu ƙwayoyin halitta ke kama mata sinadarin naitirojin daga iska, saboda haka ba ta buƙatar takin zamani mai sa ganye. In an cika mata shi sai ta yi duhun ganye ta hana fure. Ƙasa mai riƙe laima take so, da takin ruwa irin na tumatir idan ta fara fure. An kafa sandunan gora takwas a da'ira aka ɗaure kawunansu kamar bukka, aka dasa a gindin kowace sanda, tazarar taƙi guda. Makonnin farko sai an ɗaure ta da zare, don ba ta gane sandar da kanta, sai daga baya zaruruwanta su kama. A nan ne dodon koɗi da ɗan'uwansa marar kwanso ke shigowa, su cinye sabon dashe cikin dare, daga baya kuma darɓa, wadda ba tsotson ruwan shuka kaɗai take yi ba, har cuta take ɗaukowa daga wata shuka zuwa wata.

Wata rana a Mayu ta juya kyamarar waya ta nuna wa mahaifinta. Tsohon manomi ne, bai ɗauki daƙiƙa biyu ba ya gane dangin.

“Uwata, wannan ai wake ne. Kwana nawa yake yi ya nuna?”

“Baba, ai wannan ba a cin sa. Don furen ake shukawa.”

Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko dabbobi suna cin harawar. Ta ce a'a. Ya ce to Allah ya sa albarka, da irin muryar da yake amsa labarin da bai gamsu da shi ba amma ba ya son ya ɓata wa mai faɗa.

Shakkar tasa tana da tushe, kuma maganarta ta fi ƙarfin “ba a saba ci ba”. Ƙwayar waken ƙamshi tana ɗauke da wani sinadari da ke hana jiki ɗaure kolajin yadda ya kamata, wato abin da ke riƙe ƙashi da jijiyoyin jini, kuma yawan cinta na tsawon lokaci yana lalata su. Sunan Turancin yana ruɗar mutane, don kalmar zaƙi da ke cikinsa ƙamshi take nufi, ba ɗanɗano ba. Gidan da ke da ƙananan yara bai kamata a ajiye wannan iri kusa da kayan abinci ba. Akwai wani ɗan gidansu, Lathyrus sativus, da ake ci a Habasha da Indiya da Bangaladash saboda yana yi ko da fari ya kashe komai, kuma a shekarun yunwa, idan ya zama shi kaɗai ne abinci na watanni, yakan shanye ƙafafun mutane. Dangi ne da ke da ceto da cuta a hannu guda.

Furen farko ya buɗe a makon farko na Yuni. Dattijon bai ce ya yi kyau ba, ya ce ta yanke. Ta ce guda uku ne kacal. Ya ce shi ya sa.

Ga yadda abin yake. Shuka mai shekara guda ba ta da wani aiki a duniya sai barin iri. Da zarar kwanso ya fara cika, saƙo yana bi ta jikinta cewa aiki ya kammala, sai ta daina fitar da sabon toho ta juyar da duk ƙarfinta ga 'ya'yan. Waken ƙamshi kuma yana barbarar kansa tun furen bai gama buɗewa ba, ba ya jiran zuma, saboda haka kusan kowane furen da aka bari zai zama kwanso. Mai almakashi yana yaudarar shukar ne: duk sa'ad da ta kusa cimma burinta sai ya ɗauke, ita kuma ta sake gwadawa. A haka shukar da za ta gama cikin makonni kaɗan sai ta kai wata biyu ko uku tana fure. Sharaɗin shi ne kada a yi fashi. Kowane kwana biyu ko uku sai an bi an yanke duk wanda ya buɗe, a kuma leƙa ƙarƙashin ganye a cire kwanson da ya ɓuya. Wanda ya yi tafiyar mako biyu a Yuli bai bar wa kowa almakashi ba, zai dawo ya tarar da wake.

Abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne sakamakon wannan doka: fure zai yi masa yawa. Bukka guda ta sanda takwas tana ba da ƙulli bayan ƙulli, furen kuma ba ya wuce kwana 4 ko 5 a ruwa, ya fi saurin zubewa ma idan an ajiye shi kusa da ayaba ko wani ɗan itace mai nuna, saboda iskar da suke fitarwa. Ba a iya tara shi, ba a iya busar da shi a aika gida. Dole a rabar. Ita da ta shekara biyu da rabi a gini guda ba ta san sunan matar da ke ƙasanta ba, sai ga ta tana ƙwanƙwasa ƙofa da kwalbar jam a hannu. Ta kai wa abokan aiki, ta kai wa wata 'yar Sudan da suke haɗuwa a tashar bas. Ba a ce furen ya sauya mata rayuwa ba, takardar zamanta tana nan yadda take. Amma a ƙarshen Yuli akwai gidaje huɗu da ke tambayar lafiyarta in kwana biyu ba su gan ta ba.

Dattijon yana da wani layi daban da ba ya bari kowa ya taɓa, inda kowace shuka kara ɗaya tak ake bar mata, a cire rassa da zaruruwa duka, a ɗaure ta da sanda ita kaɗai. Furen da ke fitowa manya ne, huɗu-huɗu a kan kara mai tsawon kamu. Na gasa ne, kuma gasar tsohuwa ce. Kusan shekara 170 bayan Cupani nau'o'in waken ƙamshi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, har sai da wani mai lambu ɗan Sikotilan, Henry Eckford, ya duƙufa a kan haɗa su. A 1888 ya koma garin Wem, inda ya fitar da nau'o'i masu manyan fure da launuka barkatai. A baje kolin da aka yi a Landan a 1900 don cikar shukar shekara 200 a Ingila, cikin nau'i 264 da aka nuna, 115 nasa ne. Shekara guda bayan haka Silas Cole, mai kula da lambun gidan sarautar Spencer a Althorp, gidan da Gimbiya Diana ta fito daga baya, ya nuna wani fure mai lanƙwasasshen baki kamar an yi masa tattara. Daga shi ne nau'in Spencer ya samo asali, wanda ya mamaye kasuwa har yau. A 1911 jaridar Daily Mail ta sa fam 1,000 ga wanda ya aiko da ƙulli mafi kyau, aka turo dubun-dubatar ƙulli ta gidan waya, matar wani limamin coci daga ƙauyen Sprouston a Sikotilan ta lashe, mijinta kuma ya zo na uku.

An biya farashin wannan girma. Da yawa cikin manyan furannin gasa ƙamshinsu ya ragu, domin alƙalin gasa da ido yake hukunci. Wanda ya sayi fakiti saboda hoton da ke jiki zai iya samun fure kamar na roba, kyakkyawa, shiru. Mai neman ƙamshi gara ya koma ga tsofaffin nau'o'i, irin su Cupani da Matucana da Painted Lady, ko na zamanin da aka rubuta a fili cewa don ƙamshi aka kiwata su. Da tsohuwar zuma ake magani. Na cikin ambulan ɗin dattijon irin waɗannan ne, ya ajiye manyan wa kansa.

Duk wanda ya yi darasin gadon halitta a sakandare ya taɓa haɗuwa da wannan fure bai sani ba. Mendel da waken ci ya yi aikinsa, amma a Kambirij, wajen 1905, William Bateson da Edith Rebecca Saunders da Reginald Punnett da waken ƙamshi suka yi nasu. Sun lura launin fure da siffar ƙurar barbara suna tafiya tare daga uwa zuwa 'ya fiye da yadda dokar Mendel ta yi hasashe, abin da daga baya aka gane cewa alama ce ta zaman ƙwayoyin gadon biyu a kan kuromosom ɗaya. Su ne kuma suka haɗa farin fure da farin fure suka samu shunayya. Launi guda ne ya gagari masu kiwo har yau: babu waken ƙamshi rawaya na sosai, duk da ƙoƙarin da aka yi na haɗa shi da wani ɗan'uwansa mai rawaya da aka gano a Turkiyya.

Zafi ne ke kawo ƙarshensa, ko almakashi ya yi aiki ko bai yi ba. Da rana ta fara kusantar digiri 30, karan furen yana gajarta, furen yana ƙanƙancewa, ganyen ƙasa yana rawaya, farar fumfuna tana hawa. Ruwa mai yawa a gindi da lulluɓe ƙasa da ciyawa suna ƙara masa kwanaki, amma ba sa sauya hukunci. Wannan ne ya sa duk mai tunanin shuka shi a ƙasar Hausa sai ya ajiye kalandar da ke bayan fakiti gefe, don an rubuta ta ne ga mai jiran Yuni mai sanyi-sanyi. A nan hunturu ne kaɗai ƙofa, kamar yadda masu lambu a filayen arewacin Indiya ke shuka shi a Oktoba da Nuwamba ya yi fure cikin sanyinsu. Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ita ce ta fi kusa da abin da yake so. A Kano ko Katsina daren Disamba da Janairu yana da sanyin da ya dace, amma rana tana kai wa bakin iyakarsa, iska busasshiya ce, kuma daga tsakiyar Fabrairu ƙofar ta fara rufewa. Shuka ce da ke buƙatar wajen wata uku kafin fure, don haka wanda ya jira sai ya ji ɗari a jikinsa ya makara. Farkon Nuwamba ne lokacin, a wurin da ke samun ranar safe da inuwar la'asar.

Akwai kuma tarko na biyu da ba a gani, wato tsawon yini. Nau'in Spencer ba ya fure sosai sai yini ya kai sa'a 12 ko fiye, yinin hunturu a Kano kuwa sa'a 11 ne da 'yan mintuna. Shukar za ta iya hawa sanda kore shar ba fure ko ɗaya, har zafi ya zo ya same ta. Maganin haka nau'o'in da ke fure a gajeren yini, waɗanda Anton Zvolanek ya shahara da fitarwa a Amurka don masu sayar da fure a lokacin sanyi, kuma irinsu ne manoman Japan ke nomawa a ɗakunan gilashi. A fakiti akan rubuta cewa masu fure da wuri ne ko masu furen sanyi.

A tsakiyar Agusta dattijon ya ce ta ajiye almakashi a kan shuka biyu mafi ƙarfi. Cikin mako uku kwansuna suka fito, masu gashi-gashi, suka tashi daga kore zuwa ruwan ƙasa. Lokacin roro ɗan taƙi ne: in an cire da ɗanye ƙwayar ba ta ƙosa ba, in an yi jinkiri kwanson yana murɗewa ya fashe a rana ya watsar da ita. A wannan mataki ba ta buƙaci kowa ya koya mata komai ba. Ta girgiza kwanso kusa da kunne ta ji ƙara, ta zuba su a jakar takarda, ta rataye a wuri mai iska. Da yake shukar tana barbarar kanta, abin da aka tara zai fito da launin uwarsa da ƙamshinta. Ta samu ƙwaya fiye da ɗari, alhali bukka guda ba ta cin fiye da goma sha shida. Ta raba su ambulan uku, ta rubuta shekara a bayan kowace, ta fara tara kwalayen tishu a cikin leda a bayan ƙofar kicin.